Kakana Da Kyamara Mai Zugazugi

A hutun da ya wuce aka ba mu aikin bincike a kan sana'o'in gargajiya. Ni kuwa na zaɓi saƙa, don kakana masaƙi ne, ga shi ƙarfinsa ya fara ja da baya, kuma ba mu da hotonsa ko ɗaya a bakin masaƙa. Da wani malaminmu ya ji haka, sai ya ara mini wata kyamarar katako marar nauyi, mai zugazugi kamar na maƙera, ya haɗa ni da fim falle biyu rak, kowanne inci 4 da inci 5.

Ita wannan kyamara, kafa ta ake yi bisa ƙafa uku, mutum ya lulluɓa da baƙin ƙyalle, ya dubi gilashin baya inda kome ke fitowa kai ƙasa. Sa'an nan ya dinga murza wani ɗan kunne, zugazugin na miƙewa yana takurewa, har abin da yake so ya fito sarai. Da tsoho ya gan ni a lulluɓe sai ya ce, "Kai ɗan nema, yaushe ka zama amarya?"

To, a nan fa gizo ke saƙa. Zarensa ya miƙe tun daga kunkurun da ke kusa da ni har zuwa gabansa. In na saita kunkuru, tsoho ya zama hazo. In na saita tsoho, zare ya ɓace. Watau ɗan sarari kaɗan ke fitowa sarai, gabansa da bayansa duk dishi-dishi. Dalili kuwa, babban fim dogon gilashi yake bukata, nawa milimita 150 ne, kuma iyakar tsawon gilashi, iyakar ƙuncin sararin nan.

Magani biyu ne. Na farko a tsuke ƙofar haske. Daga lamba 11 zuwa 32 sararin yakan faɗaɗa ƙwarai, amma lokacin ɗauka sai ya ninka sau takwas. Na biyu a ɗan sunkuyar da gilashin gaba, saitin ya kwanta ya bi tsawon zaren. Ana kiran wannan dabara da sunan Scheimpflug, wani hafsan sojan Ostiriya da ya yi mata rajista a 1904.

Son zuciya ya sa na ce sai kome ya fito, na tsuke har 32. Ina dannawa, iskar hunturu ta bugi zugazugin, kyamara ta girgiza a kan idona. Ashe rashin nauyin da ya sauƙaƙa mini ɗaukarta a mota shi ne aibinta. Saura falle ɗaya, gabana na faɗuwa.

Tsoho ya ce, "Mu ma ba ma kallon zare duka. Bakin saƙa muke kallo." Na buɗe ƙofa zuwa 11, na sunkuyar da gilashi, na saita zaren da idanunsa, na kare iska da rigata, na danna.

Da aka wanke, na farko ya fito duk hazo. A na biyu ƙafafunsa sun ɓace, rumfar ma haka, amma ga idanunsa nan a kan ƙoshiya, har furfurar girarsa ana iya ƙirgawa. Taura biyu ba ta taunuwa. Hoton yana rataye a zaurenmu, kuma duk baƙon da ya shigo, tsoho sai ya nuna masa aikin amarya.