Hunturu a Tekun Karebiyan

Daga watan Disamba zuwa na Maris, lokacin da ƙanƙara ke rufe biranen arewacin Amurka da Kanada, dubban mutane sukan gudo ma sanyi zuwa Miyami, su shiga jiragen ruwa na yawon shaƙatawa. Waɗannan jirage ba irin na dakon kaya ba ne da ƴan kasuwarmu suka saba jira a tashar Kwatano ko ta Lome. Gari ne sukutum bisa ruwa, da ɗakunan kwana, da gidajen abinci, da kantuna, da asibiti. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miyami a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana kuma iya ɗaukar fasinja 7.600.

Mai sayen tikiti yakan ɗauka ya zaɓi lokacin kwanciyar hankali, tun da damanar manyan guguwowi tana farawa ran 1 ga Yuni, ta ƙare ran 30 ga Nuwamba. Gaskiya ne guguwa ta wuce. Amma tafiyarta ita ce shigowar iska.

Iskar nan kuwa ba baƙuwa ba ce ga mutumin Damagaram ko Tawa. Ƴar'uwar hunturu ce, mai busowa daga arewa maso gabas. A tudu tana tashe ƙura, ta fasa leɓe da diddige. In ta hau tekun Atalantika sai ta yi tafiyar dubban kilomita ba dutse ba itace, tana tura ruwa a gabanta. Takan ƙara ƙarfi daga ƙarshen Disamba, shi ya sa mutanen tsibiran suke kiranta iskar Kirsimati.

Jarrabawar farko tana bakin ƙofa. Tsakanin Fulorida da tsibiran Bahamas akwai wani kogi cikin teku, na ruwa mai ɗumi, da ake kira Gulf Stream, yana gudu zuwa arewa. In iskar sanyi ta gangaro daga arewa ta yi karo da shi, sai raƙuman ruwa su miƙe tsaye, su matsu kusa da juna. Daga Miyami zuwa tsibirin Bimini kilomita 80 ne kawai, amma a irin wannan dare fasinja yakan ga kamar gari ba zai waye ba.

Ta biyu tana can gaba, a mashigin Mona, tsakanin Porto Riko da Jamhuriyar Dominikan, inda Atalantika ke kutsawa cikin Karebiyan ta wata ƙofa mai faɗin kilomita 130. Nan akan gamu da abin mamaki: sama garau, rana tana haske, amma jirgi yana ta tashi yana sauka. Dalili shi ne hadarin da aka yi can nesa a arewacin Atalantika, kwana biyu ko uku da suka wuce, sai yanzu saƙonsa ya iso.

A cikin jirgi alamomin ba su ɓuya. Ruwan wurin wanka yana fantsama waje har a rufe shi. Ƙofofin kabad suna buɗewa da kansu. Dattijo mai kamala yana tafiya yana tangaɗi, yana dafa bango. Wurin cin abinci da ke cike jiya, yau rabin kujerunsa ba kowa. Abin da ke kawo jiri da tashin zuciya saɓani ne tsakanin ido da kunne: can cikin kunne jiki yana jin motsi, ido kuwa yana kallon bangon ɗaki yana cewa komi na tsaye. Don haka waɗanda suka saba sukan fita sarari su kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, su rage maiƙo, wasu su tauna citta. Wurin kama ɗaki kuma sukan nemi tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa. Ɗakunan sama da na goshi, duk kyan kallonsu, su suka fi shan jijjiga. Jirgin yana da wasu fukafukai na ƙarfe a ƙarƙashin ruwa masu rage masa karkata dama da hagu, amma ba su hana goshinsa ɗagawa da faɗawa.

Wani lokaci abin yakan wuce jiri. Ran 7 ga Fabrairun 2016 jirgin Anthem of the Seas, ɗauke da mutum fiye da 6.000, ya faɗa cikin hadari kusa da gaɓar jihar Karolina kan hanyarsa ta zuwa Bahamas. Aka umurci kowa ya zauna ɗakinsa, daga bisani jirgin ya juya ya koma inda ya fito. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Sai dai fasinja, in ya taka ƙasa, ya warke. Babbar hasara tana bakin gaɓa. A Jojtawun, babban birnin tsibiran Kayman, manyan jirage sukan tsaya nesa, ƙananan jirage su yi ta jigilar baƙi zuwa tudu. Ranar da iskar arewa maso yamma ta tashi, kaftin yakan ga saukar da mutane ganganci ne, sai ya wuce. Mai taksi da ya wanke motarsa tun asuba, da mai kanti da ya ƙara ma'aikata, da matar da ta shimfiɗa kayan saƙa, suna tsaye suna kallon kasuwar yini guda tana nisa. Duk wanda ya taɓa kai kaya kasuwa ya tarar ba ta ci ba, ya san abin da ke ransu.