Xeon biyu ko Ryzen ɗaya: magana ga masu haɗa bidiyon biki a Dakoro

Tambaya ɗaya ce matasa masu ɗaukar bidiyon biki da suna ke yawan yi mini: wai ga kwamfutar gwanjo daga Beirut Road ta Kano, HP Z820 ko Dell T7600, mai ƙwaƙwalwa har biyu, kuma da sauƙin kuɗi. A saya?

Ƙwaƙwalwar nan galibi Intel Xeon E5-2670 ce, ta shekarar 2012. An yi ta ne don manyan rumbunan intanet, da suka gama da ita aka zubo kasuwa. Kowace tana da ma'aikata 8 a ciki, biyu sun zama 16 ke nan. Ryzen 5 5600X kuwa, ta 2020, ma'aikata 6 ne kawai gare ta. Mai sayarwa zai ce maka 16 ta fi 6, kuma bai yi ƙarya ba a lissafi.

Amma ku tuna rijiyoyinmu masu zurfi na arewa. In rijiya na da kwarkwaro guda, ko ka zo da shanu 16, ɗaya ne zai ja guga, sauran sai tuƙa. Haka yawancin aikin kwamfuta yake. Buɗe Word, gyaran hoto, jan bidiyo gaba da baya kana yanka, duk ƙarfin ma'aikaci guda suka fi nema, kuma a nan na Ryzen ya ninka na tsohuwar Xeon har da ɗoriya. Sai wajen fitar da bidiyo a ƙarshe, inda aiki ke rabuwa, shanun 16 ke tashi gaba ɗaya. Ko a nan ma kusan kunnen doki suke yi.

Ni abin da ya fi damuna wuta ce. Xeon ɗaya wat 115, biyu 230. Ryzen wat 65. In ka yi awa 8 kana aiki mai nauyi, wancan ya sha wajen kilowat 1.8, wannan rabin kilowat da ɗan ɗoriya, ba a ma saka allo da fanka ba. Wanda ke aiki da sola da batir, wallahi kafin la'asar zai gane bambancin. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Injin da aka ƙera don ɗaki mai sanyi ba zai ji daɗin shagon kwano ba.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa mai saye: Windows Home ƙwaƙwalwa ɗaya take gani, sai Pro ke ganin biyu. Windows 11 ba ta amince da E5-2670 ba, Windows 10 kuma Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025.

Ban ce Xeon ba ta da rana ba. RAM ɗinta ta gwanjo araha ce, kuma tana ɗaukar mai yawa. Mai wuta tsayayya da ke tara bidiyo goma ya bar su suna fita cikin dare, zai more ta. Mai shago ɗaya da batir biyu, ni dai Ryzen zan ce ya tara kuɗinta.