Keke a Kan Tsakuwa, Gefen Tekun Arewa

Ran da na gaya wa mahaifiyata ta waya cewa na sayi keke, sai ta yi shiru, har na zaci layin ya yanke. Can sai ta ce, "Duk karatun nan da ka yi, da nisan da ka yi mana, keke ka koma? Ko aikin ne ya lalace kake ɓoye mini?" Na ce, "A'a, Inna, aiki lafiya lau, likita ne ya sa ni." Ta ce, "To, Allah Ya sawwaƙe." Ban ga laifinta ba. A wurinmu keke shi ne matakin farko na tsani, daga shi sai babur, daga babur sai mota. Wanda aka ga ya sauko daga mota ya hau keke kuwa, jaje ake yi masa.

Ina zaune a Ipswich, a gundumar Suffolk ta gabashin Ingila, inda nake aikin jinya. A shekarar 2021 aka auna jinina aka ce ciwon sukari ya kama ni. Ni da nake yi wa marasa lafiya wa'azin motsa jiki kullum, sai ga shi ana yi mini. Na gwada ɗakin motsa jiki, amma gudu a kan na'ura, mutum yana kallon bango, bai karɓe ni ba. Na gwada keke a kan kwalta, manyan motocin da ke jigilar kaya zuwa tashar jiragen ruwa ta Felixstowe suka kore ni. Daga nan ne wani abokin aikina ya ce mini akwai waɗansu hanyoyi da mota ba ta bi, ya kuma sayar mini da tsohon kekensa na hawa tsakuwa.

Wannan keke, in ka hango shi daga nesa, sai ka ce na tsere ne, domin hannunsa a lanƙwashe yake zuwa ƙasa kamar ƙahon rago. Bambancin yana ga taya. Ta keken tsere faɗinta bai cika wuce milimita 28 ba, tawa kuwa milimita 40 ce, tana da 'yan haƙora a jiki, kuma ba a cika ta da iska tam, don ta riƙa lotsawa a kan duwatsu maimakon ta yi tsalle. Hanyoyin da ake bi da shi yawancinsu tsofaffin turakun dawakai ne da na gona da na daji. Tun 1968 dokar Ingila ta yarda mai keke ya bi turbar dawakai, da sharaɗin ya ba mai tafiya ƙasa da mahayin doki hanya. Turbar da aka keɓe wa masu tafiya ƙasa kaɗai kuwa, ba a hawan keke a kanta.

Tafiyar da nake so in ba da labarinta na yi ta ne wata Asabar cikin watan Agusta na 2022. Na shiga jirgin ƙasa da kekena daga Ipswich, ƙasa da awa ɗaya na sauka a wata ƙaramar tasha, Darsham. Daga nan na bi ta ƙauyen Westleton, kwalta ta ƙare, na shiga wani fili fetal wanda wata gajeriyar ciyawa mai shunayyar fure ta lulluɓe. Babu ƙarar inji ko ɗaya. Ba ka jin kome sai ƙaras-ƙaras ɗin tsakuwa a ƙarƙashin taya, da kukan tsuntsaye, da numfashinka. Can kudu ana hango farar ƙubbar tashar wutar nukiliya ta Sizewell, kamar rabin ƙwai a kife.

A waccan shekarar ruwan sama ya yi ƙaranci ƙwarai a wannan yanki, saboda haka da na shiga dajin Dunwich sai na tarar turbar ta zama rairayi. Tayar gaba ta nutse, ta karkace, na ƙanƙame hannun keke, sai ga ni a ƙasa. Na tashi na kakkaɓe, na sake hawa, na sake faɗuwa. A karo na uku ne na ji maganar mahaifina a kunnena, kamar yana tsaye a bayana: "Sassauta hannu, koma baya a kan sirdi, kada ka daina taka feda. Rairayi ba a yi masa gardama."

Baba ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa. Shekara da shekaru yana ɗaure bandir-bandir a kariyar wani baƙin Raleigh, yana cin kasuwannin ƙauyukan da ke kewayen Katsina. A kan wannan keke na koyi hawa, ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sandar tsakiya saboda ban kai sirdi ba. Ya rasu cikin watan Mayu na 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe filayen jiragen sama. Ina bakin aiki aka yi masa sutura. Da na sami zuwa gida bayan shekara guda, ƙanena ya kai ni maƙabarta, ya tsaya yana dube-dube, sa'an nan ya nuna da hannu ya ce, "Yaya, wajen nan ne dai, tsakanin waccan bishiya da katanga." Damina ta baje ƙasar, an kuma yi sababbin kaburbura kewaye. Na yi addu'a, na komo Ingila da wani ƙulli a zuci wanda ban gaya wa kowa ba. Na san ba al'adarmu ba ce gina kabari, amma sanin bai kwance ƙullin ba.

Na sassauta hannu kamar yadda ya ce, keke kuwa ya ratsa rairayin. Wajen azahar na iso Dunwich, wanda mutanen wurin suke kira "Danic". Yau ƙauye ne mai titi ɗaya, mazaunansa ba su kai 200 ba. Amma a ƙarni na 13 yana cikin manyan tashoshin jiragen ruwa na gabashin Ingila, da coci-coci da kasuwa da masu ƙera jirage. Guguwar teku ta 1286 da ta 1287 da ta 1328 suka toshe bakin tashar da tsakuwa, suka rushe gidaje. Da tasha ta mutu ciniki ya mutu, teku kuma ta ci gaba da gutsurar gaɓar, wadda yashi ce da tsakuwa, ba dutse ba. Garin ya ƙare, amma sunansa bai ƙare da wuri ba, har zuwa 1832 yana aika wakilai biyu majalisar dokoki a Landan. Cocin ƙarshe na tsohon garin ya riƙa zubewa cikin teku kaɗan-kaɗan daga 1904 zuwa 1919, maƙabartarsa kuma ta bi shi.

Na jingine keke a kangon wani tsohon gidan masu ibada, na taka zuwa bakin gaɓa. A nan, cikin 'yan bishiyoyi, akwai dutsen kabari guda ɗaya da ya rage daga waccan maƙabarta, taku kaɗan tsakaninsa da inda ƙasa ta yanke. Na daɗe a tsaye. Waɗannan mutane sun sassaƙa dutse, sun rubuta suna da shekara, sun kafa a ƙofar wurin ibadarsu, duk da haka ruwa ya kwashe. Kabarin Baba damina ɗaya ta shafe alamarsa, nasu ya ɗauki shekaru ɗaruruwa, amma makomar ɗaya ce. Ban ce wannan ya share mini hawaye ba. Abin da ya yi shi ne ya rage mini jin cewa ni kaɗai aka yi wa rashi, ko kuma sakacina ne ya jawo.

Na kama hanyar arewa zuwa Walberswick, fadamu da kyauro a damana, teku tana leƙowa daga bayansu. Ban yi nisa ba na ji tayar baya ta yi laushi. Ƙasar Suffolk cike take da ƙanƙarar dutse mai kaifi kamar aska, wani ɗan tsinkenta ne ya huda ta. Ba gida kusa, waya ba ta kamawa, robar ciki ta ajiya kuwa na manta ta a kan tebur. Abin da ke jakata ɗan akwatin faci ne da famfo.

Na kifar da keke, na zare robar, na hura mata iska, na tsoma ta cikin ruwan wata 'yar kwata a gefen hanya ina juyawa, har na ga kumfa tana tasowa. Na share wurin, na kankare shi, na shafa gam. Hannuna ya kai ga facin zan manna, sai ya tsaya da kansa. Baba ba ya yarda a manna faci sai gam ya sha iska ya daina sheƙi. Yakan ce gaggawar mai faci ita ke sa a yi aiki sau biyu. Fiye da shekara talatin rabona da yin faci, amma ban tsallake ko mataki ɗaya ba. Wata dattijuwa mai yawo da kare ta tsaya ta tambaye ni ko ina bukatar taimako. Na gode mata, na ce na iya. Ta ce, "Yanzu ba kowa ya iya wannan ba. Wa ya koya maka?" Na ce, "Mahaifina." Tun rasuwarsa, ran nan ne na fara ambatonsa ga baƙo muryata ba ta yi rawa ba.

Facin ya riƙe. Na haye kogin Blyth ta wata siririyar gadar ƙarfe, na shiga Southwold, inda farar hasumiyar fitilar jiragen ruwa take tsaye a tsakiyar gidaje. Na ci abin da na ƙunso, na juya yamma zuwa tashar Halesworth. Duka tafiyar ba ta fi kilomita 40 ba, amma wuni guda ta ci mini. Sannu ba ta hana zuwa.

Tun daga ranar, duk Asabar ɗin da ba ni da aiki ina kan wata turba, rani da hunturu. Sukarin ya sauka, likita ya rage mini magani. Kwanan baya na ba Inna labarin facin nan. Ta yi dariya, sa'an nan ta ce, "Ai kekensa yana nan a ɗakin zaure, na hana a sayar. Tayoyin sun mutu, kaca ta yi tsatsa." Na ce, "A bar mini shi, Inna, kada kowa ya taɓa." Na riga na sayi kaca da tayoyi biyu, suna cikin akwatin da zan tafi da shi gida.