Kaza Ma Amana Ce



Da hunturu ya kama, kazata ta daina ci, kashinta ya koma kore, wuyanta ya karkace. Likitan dabbobi ya ce alamun cutar Newcastle ne, ba ta da magani sai rigakafi, irin wanda cibiyar Vom ke sarrafawa.

Wasu suka ce in kai ta kasuwa tun tana tsaye. Na ƙi, domin ha'inci ne, kuma kai annoba ne gidan wani. Na keɓe ta, ina ba ta ruwa har ta mutu, na binne ta.

Hadisi ya tabbatar mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. To kaza fa, ɗan uwa?

Allah Ya sa mu dace.