Tashoshin Layin Nguru: Daga Yankaba Zuwa Zakirai

Ƙarfe bakwai na safe na shiga mota a tashar Yankaba, na biya naira dubu ɗaya zuwa Jogana, tafiyar kamar kilomita 20. Burina in ga ƙananan tashoshin jirgin ƙasa na layin Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, shekara 19 bayan dogo ya iso Kano a 1911.

Da muka bar hayaniyar titin Haɗeja sai ƙasa ta buɗe, amma babu daji ko kaɗan. Gona na manne da gona, gero da dawa da wake, ga gawo da ɗorawa tsaye a tsakiya. Kafin ƙauye ya ɓace a baya, wani ya bayyana a gaba. Ni da na tashi cikin birni, na yi mamakin yadda ba a bar ko taku ɗaya ba shuka ba.

A Jogana na sauka na taka zuwa bakin dogo. Tashar ba ta da girma: gini mai kauri, rufin kwano, ga baranda inda fasinja ke fakewa daga rana. Wannan fasali daga Ingila ya zo. A zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta rasu a 1901, Turawa suka saba gina wa ƙauyuka da dama da dogo ya ratsa ɗakin tikiti, da wurin jira, da gidan mai kula da tasha. Namu an gina su bayan zamaninta, an kuma rage ado, domin ba don ƙawa aka yi su ba. Don gyaɗa aka yi su. Na daɗe ina duba tsakanin ƙarafan biyu, ƙafa uku da rabi kacal, ina tunanin buhunan da suka bi ta nan zuwa Kano, inda ake tara su dala-dala kafin a wuce da su Legas.

Wani dattijo da na gaisar ya amsa da fara'a, ya matsa mini a kan tabarma. Ya ce a ƙuruciyarsa da kukan jirgi mata ke sanin lokacin ɗora tukunya, kuma aikin reluwe abin alfahari ne ga duk gidan da ya samu.

Wajen sha ɗaya na hau babur zuwa Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa. Rana ta buɗe, ƙura ta cika mini ido, na isa a gajiye liƙis. Shirun da na tarar a bakin dogo ya taɓa ni. A Ingila ma an rufe ɗaruruwan irin waɗannan tashoshi bayan rahoton Beeching na 1963, amma wasu sun koma gidajen zama, wasu kuma masu sha'awa suka haɗa kuɗi suka gyara, har yau jirgi mai tururi na ɗaukar baƙi. A ganina mu ma za mu iya, ko da maye gurbin kwanon da ya ruɓe ne da rubuta tarihin kowace tasha tun dattawan da suka san ta suna raye.

Yanzu hankalin mutane ya koma kan sabon dogo mai faɗi na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta Dambatta da Kazaure da Daura. A motar da ta dawo da ni bayan la'asar, hirarsa aka yi ta yi har Yankaba. Babu wanda ya ambaci layin Nguru, sai da na tayar da maganar.