Kwana a Dartmoor: Masu Riƙon Amanar 'Ya'yan Wasu

Daga tashar Paddington ta Landan zuwa birnin Exeter tafiyar awa biyu ce da ɗoriya a jirgin ƙasa. Daga nan sai a hau wani ƙaramin jirgin zuwa Okehampton, layin da aka daina jigilar fasinja ta yau da kullum a kansa a 1972, ba a dawo da ita ba sai ƙarshen 2021. Watan Maris ne, kuma tun kafin mu isa ruwan sama ya fara dukan tagogi. Abin da ya kai ni wannan lungu na kudu maso yammacin Ingila shi ne in ga mutanen da ke barin ɗumin gidajensu a ƙarshen mako, ba albashi ba alawus, su bi 'ya'yan wasu zuwa daji.

Dajin kuwa shi ne Dartmoor, a gundumar Devon. Faɗinsa murabba'in kilomita 954 ne, kuma tun 1951 aka ayyana shi gandun ƙasa. Wanda ya ji an ce daji kada ya zaci itatuwa. Tudu ne bayan tudu, ciyawa gajera, taɓo mai haɗiye ƙafa, sai tarin duwatsu da ake kira tor a kan kowane tsauni, da tumaki da ƙananan dawakai suna kiwo ba makiyayi. A nan ne kowane watan Mayu rundunar sojin Birtaniya ke shirya Ten Tors, tattakin da aka fara a 1960. Matasa 2,400 masu shekara 14 zuwa 19, a ayari 400 na mutum shida-shida, sukan tashi daga barikin Okehampton da ƙarfe bakwai na safiyar Asabar. Kowane ayari zai bi ta zango goma, ya yi mil 35 ko 45 ko 55 gwargwadon shekarunsa, ya kwana a daji, ya dawo kafin biyar na yammacin Lahadi. Ba babba ko ɗaya a cikinsu. Tanti da abinci da risho duk a bayansu suke.

Kafin yaro ya kai ga wannan rana sai an yi watanni ana horar da shi cikin hunturu, kuma wannan aiki ya rataya ne a wuyan malaman makaranta da shugabannin sikawut da iyaye 'yan sa-kai. Irin wannan horo ne aka yarda in bi.

Na sami ayarin da zan bi a harabar ajiye motoci da ke sama da barikin, sun zagaye wata ƙaramar bas. Manya huɗu ne. Shugabarsu dattijuwa ce da ta yi ritaya daga koyarwa, sai wata ma'aikaciyar jinya, da wani kafinta wanda ɗansa ya gama tattakin tun tuni amma shi bai daina zuwa ba, da wani saurayi da shi ma a hannun dattijuwar ya koyi karanta taswira. Kafin a motsa sai da aka zazzage kowace jaka. An duba rigar ruwa da wandonta, jakar barci a naɗe cikin leda, tocila, usur, kamfas, da abincin ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa sai uzuri ya taso. An sami wani yaro da rigar auduga a ciki, aka sa ya canza nan take. Ma'aikaciyar jinyar ta bayyana mini cewa auduga in ta jiƙe ba ta bushewa, sai ta manne a fata tana zuƙe ɗumin jiki. An kuma duba jadawalin sojoji, domin wani ɓangare na wannan daji filin koyon harbi ne, kuma ranar da aka ɗaga jar tuta ba a shiga.

Da yaran suka kama hanya na gyara jakata zan bi bayansu, sai kafintan ya ce mu tamu hanyar daban ce. A farkon horo manya kan yi tafiya tare da yara. Da tafiya ta yi nisa sai su koma baya, suna hango su. A wannan mataki kuwa sai dai a tare su a wuraren da aka yi alkawari. Don haka muka yanke ta wani gefe muka hau Yes Tor, mai tsayin mita 619, maƙwabcin High Willhays wanda ya ɗara shi da mita biyu kacal kuma ya fi kowane tsauni a Dartmoor. Muka raɓe bayan dutse muna jira.

A nan na san ruwan wannan ƙasa. Ba ya saukowa daga sama kamar na damina, ya yi ya gama. Daga gefe yake zuwa, iska na kora shi, yana neman wuyan riga da bakin hannu. Can sai hazo ya rufe mu, har ba na ganin abin da ya wuce taku kaɗan. Lokacin da aka sa wa yaran ya wuce ba su iso ba. Dattijuwar ta duba agogo, ta duba taswira, ta yi shiru. Na tambaye ta ko ba za a bi su ba. Ta nuna mini a kan taswirar inda take zaton sun karkace, da hanyar sojoji da za ta tare su ko da sun ci gaba da ɓata, da lokacin da ta yanke a ranta cewa in ya cika za a fita nema. Kafin ya cika sai muka ji muryoyi. Sun sauka ta kwarin da ba shi ba, suka gane da kansu, suka auna da kamfas suka dawo. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma yi yabo ba. Ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kowa abin da ya ci na ƙarshe, ta sallame su.

Wannan kallon fuska ba na banza ba ne. Abin da suka fi tsoro shi ne sanyi ya shige jikin yaro har zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 35. Makyarkyata ce farkon alama. Daga nan sai harshe ya yi nauyi, ƙafa ta riƙa tuntuɓe, mai surutu ya yi tsit, yaro ya ce lafiyarsa lau alhali hankalinsa ya soma gushewa. Shi ya sa ake koya wa 'yan ayari su riƙa lura da juna, domin wanda abin ya kama shi ne na ƙarshen sani.

Da yamma aka kafa tantuna a ƙasan Oke Tor, a gaɓar yamma ta kogin Taw. Manya suka yi nasu zangon nesa kaɗan, inda za su ji usur amma ba za su ji hira ba. Na ga iska ta fizge tanti daga hannun yara biyu, saurayin nan yana tsaye hannu a aljihu, jikinsa har rawa yake don son taimako, amma bai matsa ba sai da suka danne shi da jakunkuna suka kafa turaku. Na haɗa sallolina cikin tanti, yatsu na ƙin lanƙwasuwa. Tsakar dare ma'aikaciyar jinyar ta zaga da tocila, tana kiran sunan kowa daga waje har sai ya amsa. Ta tarar da wata yarinya jakar barcinta ta jiƙe, haƙora na haɗuwa. Aka canza mata kaya, aka ba ta shayi mai sukari daga filas, aka sa ta tsakanin ƙawayenta biyu. Manyan nan ba wanda ya yi barcin kirki.

Gari ya waye kogin ya canza. Jiya duwatsun tsallakawa a fili suke, yau ruwa ja-ja-ja ya shanye su yana ruri. Haka kogunan Dartmoor suke: ƙarƙashin ƙasar dutse ne, taɓon da ke samansa kuma in ya ƙoshi ba ya ƙara shan ko ɗigo, sai duk ruwan dare ya gangaro kwari lokaci guda. Shirin ranar shi ne a haye zuwa Steeperton Tor. Yaran suka taru a bakin ruwa, wani dogo a cikinsu yana nuna inda yake ganin za a iya. Dattijuwar ta bar su suka gama shawara, sannan ta ce ba mai tsallakawa, za a bi wannan gaɓar a fita ta ƙauyen Belstone. Dogon ya yi gardama har idonsa ya kawo ruwa, yana cewa in ba su cika wannan tafiya ba ba za a zaɓe su a watan Mayu ba. Ta saurare shi har ya gama, ba ta sauya magana ba.

A hanya ne ta gaya mini abin da duk mai wannan aiki a yankin ke ɗauke da shi a zuciya. A watan Maris na 2007 wata yarinya 'yar shekara 14 ta rasu a rafin Walla Brook, lokacin horo irin wannan, bayan ruwa ya cika shi. A watan Mayun shekarar aka dakatar da tattakin a tsakiya saboda cikar koguna, aka kwashe matasan daga daji. Kafin nan, a 1996, dusar ƙanƙara ta hana mafi yawansu kammalawa. Daga baya an sake fasalin hanyoyin domin a rage tsallaken ruwa. Ko masu ceto na Dartmoor, waɗanda ake kira in abu ya ɓaci, su ma 'yan sa-kai ne.

Hausawa na cewa ɗa na kowa ne, kuma mu ma muna da masu irin wannan hidima: shugabannin sikawut, 'yan agaji, da masu horar da matasa a duwatsun Shere kusa da Jos. Abin da na gani a Dartmoor shi ne nauyin da ke cikin maganar. Riƙon ɗan wani yana buƙatar haƙuri iri biyu masu kama da kishiyoyi. Akwai haƙurin naɗe hannu kana kallon yaro yana ɓata hanya, yana fama da tanti, don ka san a nan ne zai koya. Akwai kuma haƙurin tsayawa a gabansa ka ce a'a, ka ɗauki fushinsa, ranar da kuskure ba zai bar shi ya koyi komai ba. Raba waɗannan biyu ba a yin sa da kyakkyawar niyya kaɗai. Sai da sanin ƙasa, da duba hasashen yanayi, da shirya hanyar fita tun kafin a shiga.

A Belstone iyaye na jira cikin motoci, na'urar ɗumi a kunne. Yara suka watse, wasu ko sallama ba su tuna ba saboda gajiya. Manyan huɗu suka tsaya suna ƙirga turaku, suna raba jiƙaƙƙun tantuna da kowa zai shanya a gidansa, washegari kuma uku daga cikinsu za su tashi zuwa wurin aiki. Na tambayi kafintan abin da ke dawo da shi. Ya ce wasu ne suka tsaya wa ɗansa cikin ruwa lokacin da shi bai san komai a kan dajin ba, kuma har yau bai ga ya gama biya ba. Irin waɗannan mutane sun cancanci a san da su, a horar da su, a kuma mara musu baya ranar da suka ce a juya.