Birnin Koblenz, Mahaɗar Koguna Biyu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa masu karatu labarin wani birni da na yi kwana 3 a cikinsa a ƙasar Jamus, sunansa Koblenz.

Tafiyar a cikin wata irin mota muka yi ta wadda Turawa ke haya don yawon buɗe ido. Mota ce, ɗaki ce kuma: akwai gado, da murhu, da tankin ruwa, har da ɗan makewayi. Muddin nauyinta bai wuce tan 3 da rabi ba, lasin ƙaramar mota ya isa a tuƙa ta. Amma kada wani ya zaci inda dare ya yi wa mutum nan zai yada zango ya baje kaya. An keɓe musu filaye, ka biya kuɗi, a ba ka lantarki da ruwa, a nuna maka ramin zuba ƙazanta. Namu filin yana bakin ruwa, daura da mahaɗar.

Wanda ya san Lakwaja, inda Binuwai ta haɗu da Kwara, ya san fasalin wurin. A nan kogin Mosel ne, wanda ya taso daga Faransa, ya faɗa cikin Rayin. Rumawa suka kafa garin fiye da shekara 2,000 da suka wuce, sunan ma daga kalmarsu ta mahaɗar ruwa ya samo asali. A kan tsinin ƙasar da ke tsakanin kogunan akwai gunkin Sarki Wilhelm na Ɗaya bisa doki. An kafa shi a 1897, igwar Amurkawa ta ragargaza shi a 1945, ba a mai da wani ba sai 1993. Ni dai girmansa kaɗai na gani, ban ga kyau ba.

Muka ƙetare wata gadar dutse da aka fara ginawa tun ƙarni na 14, muka shiga tsohon gari da ƙafa, gama lungunansa ba na babbar mota ba ne. Kusa da ofishin magajin gari akwai gunkin wani yaro na tagulla, bayan 'yan mintoci sai ya feso ruwa daga bakinsa. Mutanen gari sun san shi, sukan ratse, baƙo kuwa ya sha wanka.

Washegari muka hau ganuwar da ke bisa dutse a ƙetaren Rayin, mita 118 sama da ruwa. Faransawa sun rushe ta farkon a 1801, mutanen Furusiya suka gina wannan daga 1817 zuwa 1828. Tun 2010 ana hawa ne cikin waɗansu akwatuna masu tagogin gilashi da ke rataye jikin igiyar ƙarfe, kowanne na ɗaukar mutum 35. Daga can bisa mutum ya kan ga jiragen kaya suna bin juna ba iyaka, masu gawayi, masu mai, masu tsakuwa. Sai da na ga haka na gane kogin nan shi ne babban titin ƙasar.

To, jama'a, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Yawancin gine-ginen da baƙo zai ɗauka na dā ne, sake gina su aka yi, don jiragen saman yaƙi sun rusa mafi yawan birnin a 1944. Yaƙin kuwa bai gama da su ba. A ƙarshen 2011 ruwan Rayin ya janye ƙwarai saboda rashin ruwan sama, sai ga wani bam na Ingilishi mai nauyin tan 1.8 kwance cikin kogi, bai fashe ba shekara 60 da wani abu. Ran 4 ga Disamba aka fitar da mutum wajen 45,000 daga gidajensu, watau kusan rabin garin, har da marasa lafiya na asibiti da fursunoni, kafin gwanaye su kwance shi. Da maraice kowa ya koma gidansa lafiya.

Janyewar ruwan nan ta sake dawowa a 2018 da 2022, ta fi ta dā muni. Sa'ad da kogi ya yi ƙasa, tilas jirgi ya rage kaya don kada cikinsa ya taɓa yashi, kayan jirgi ɗaya sai an raba wa uku ko huɗu, kuɗin dako ya hau. A 2018 har waɗansu gidajen mai suka rasa fetur, gwamnati ta buɗe rumbunta na ajiya. Ashe fari ba manomi kaɗai ya ke kamawa ba, har mai masana'anta a tsakiyar Turai.

Rana ta huɗu muka cika tanki, muka naɗe wayar lantarki, muka bi gaɓar Mosel ta cikin gonakin inabi, muka nufi Trier.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka.